Wa Zai Biya? Gargaɗi ga 'Ya'yan Jangebe, Mafara, Bakura da Maradun Masu Neman Karatu a Ƙasar Waje

Da ku nake, ƙannena na Jangebe da Talata Mafara da Bakura da Maradun, maza da mata, da kuma iyayenku waɗanda za su sa hannu a takarda ko su kwance sa a kai kasuwa. Neman ilimi a ƙasar waje abu ne mai kyau, kuma haƙƙinku ne kamar yadda yake haƙƙin ɗan Legas ko ɗan Kano. Amma an sha kai 'ya'yan jihar nan ƙasashen mutane a bar su da bashi da yunwa, shi ya sa ba zan sassauta harshe ba.

Ka fara tambayar wanda zai biya, kafin ka tambayi ƙasar da za a je. Da an ce ga tallafi, abin da matashi ke fara cewa shi ne, "Ina ne? Turai ce ko Indiya?" Wannan ita ce tambayar ƙarshe. Ta farko ita ce: daga aljihun wa kuɗin zai fito, kuma har zuwa wace shekara? Akwai tallafin da ƙasar da za ka je take biya da kuɗinta, irin su Chevening na Birtaniya, da DAAD na Jamus, da na gwamnatin Turkiyya, da na Jami'ar Musulunci ta Madina. Akwai wanda gwamnatin gida ke ɗaukar nauyi, ta tarayya ko ta jiha. Sai kuma wanda rangwame ne kawai: jami'a mai zaman kanta ta rage maka rabin kuɗin makaranta, ta kira shi tallafi, sauran rabin da kuɗin ɗaki da abinci da jirgi duk a wuyan mahaifinka. Idan ba ka san cikin ukun nan wanne aka miƙo maka ba, cinikin biri a sama kake yi.

Kada ka ɗauka sunan gwamnati a saman takarda ya wadatar. Zamanin gwamna Bello Matawalle, ɗan Maradun, jihar Zamfara ta tura ɗalibai karatu ƙasashe da dama. Waɗanda aka kai jami'ar Cyprus International University a arewacin tsibirin Cyprus, su fiye da tamanin, bashin kuɗin makaranta ya taru a kansu. A 2024 kukansu ya cika kafafen yaɗa labarai: takardun izinin zama sun ƙare, wasu sun koma aikin ƙarfi don su sami abin kaiwa baki, a gida kuwa gwamnatin Dauda Lawal da ta gaji maganar tana ta ja-in-ja kan yawan bashin da yadda aka ƙulla yarjejeniyar tun farko. Ba siyasa nake kawo muku ba. Lissafi ne a fili: wa'adin gwamna shekara huɗu ne, karatun likita shekara shida. Da naira ake kasafi, da dala ko yuro ake biyan makaranta. Kafin watan Yuni na 2023 dala a banki ba ta kai naira 500 ba. Farkon 2024 ta haura 1,500. Yaron da ke tsakiyar karatu shi ne ke shan wahalar wannan bambanci, ba wanda ya yi bikin sallamarsa a gidan gwamnati ba.

Ta tarayya ma ba ta tsira ba. Ɗaliban da Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary da sauransu a ƙarƙashin yarjejeniyar BEA sun shafe watanni babu alawus, a 2024 kuma aka zaftare shi daga dala 500 a wata zuwa 220. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin. Asusun TETFund shi ma ya daina tura malaman manyan makarantu karatu waje daga 1 ga Janairu 2025, maganar da ta shafi malaman Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da na Jami'ar Jihar Zamfara da ke nan Mafara kai tsaye.

Ban ce ka ƙi tallafin jiha ba. Ga talaka da yawa ita ce kaɗai ƙofa. Cewa na yi ka nemi takarda a hannunka, ka zauna da wanda ya iya karatu sosai ku bi ta layi-layi. Kuɗin makaranta na shekara nawa aka biya gaba? Ɗakin kwana yana ciki? Inshorar lafiya fa? Kuɗin sabunta izinin zama wa zai bayar? Tikitin dawowa? Idan ka faɗi jarrabawa sau ɗaya, me zai faru? Tsakanin jiha da jami'a akwai wani dillali, ko kai tsaye aka yi? Duk abin da aka amsa maka da baki aka ƙi rubutawa, ka ɗauka babu shi. Iyayen yaran da aka tura tare kuma su san juna tun ranar farko, su yi ƙungiya, su riƙe kwafin komai. Uba ɗaya daga Bakura ba ya tayar da fayil a Gusau. Iyaye hamsin suna tayarwa.

Kada ka sayi fom. Chevening da DAAD da Erasmus Mundus da tallafin Turkiyya duk kyauta ake nema a shafukansu. Wanda ya turo maka saƙo ta WhatsApp cewa an zaɓe ka alhali ba ka nema ba, ɓarawo ne. Wanda ya ce yana da "gurbi biyu da suka rage" kuma sai ka tura kuɗi yau kafin la'asar, ɓarawo ne. Wanda ya ce ya san wani a ofishin jakadanci, shi ma haka.

Ku iyaye, kada ku sayar da gona saboda maganar dillali. Kadadar noman rani a Bakolori tana ciyar da gida shekara da shekaru; idan ta fita hannu ba ta dawowa. Kuɗinta kuwa ƙila ya biya shekara ɗaya, saura uku. A watan Mayu na 2024 an umarci wasu ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside ta Ingila su bar ƙasar saboda faɗuwar naira ta cinye ajiyarsu, suka kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. Waɗannan mutane ne da suka tafi da kuɗin da ya isa a lissafin ranar da suka tashi.

Ka gyara sunanka tun ba a buƙace shi ba. A wurinmu mutum kan ɗora sunan garinsu a ƙarshen sunansa, kuma ba laifi ba ne. Amma sai ka ga takardar firamare ta ce A'ishatu, ta WAEC ta ce Aisha, katin NIN ya ƙara Jangebe a ƙarshe, fasfo kuma ya sauke shi. A unguwarku yarinya ɗaya ce. A gaban ma'aikacin biza mutum uku ne. Haka Muhammad da Mohammed da Muh'd. Ka baje takardunka duka a kan tabarma, ka duba harafi-harafi, ka duba ranar haihuwa. In akwai saɓani, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka gyara a ofishin da ya dace tun yanzu, domin gyaran NIN da fitar da fasfo ba aikin mako ɗaya ba ne. Kada kuma ka rage shekaru. Tallafin Turkiyya na digirin farko yana son ɗan ƙasa da shekara 21. In ka wuce, ka nemi wani, kada ka sake wa kanka ranar haihuwa.

Ka karɓi takardar sakamakonka ta asali daga makaranta ka adana. Bashin da jihar ta ci na WAEC da NECO ya taɓa sa an riƙe sakamakon 'ya'yan Zamfara, kowa ya sani. In ba ka da kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi, ka sake zama jarrabawa kafin ka yi mafarkin jirgi. Kada ka saya, kada ka goge, kada ka ƙara maki ɗaya. Jami'o'in waje suna tantance sakamako kai tsaye daga hukumar jarrabawa, kuma wanda aka kama da jabu ba tallafi kaɗai ya rasa ba, ana iya hana shi biza na shekaru.

Kada ka bar mai shagon intanet ya mallaki imel ɗinka. Ga yadda abin yake faruwa: ka shiga shago a Mafara, mutum goma na jiran layi, janareta na ƙara, mai shago na sauri. Shi zai buɗe maka imel, shi zai zaɓi lambar sirri ya rubuta a bayan wata 'yar takarda, wani lokaci ma lambar wayarsa zai sa a fom. Bayan wata huɗu saƙon gayyata zuwa ganawa ya iso, an ba ka 'yan kwanaki ka amsa, ba wanda ya buɗe. Ka buɗe imel da sunanka na gaskiya, ka haddace lambar sirri, ka duba shi kullum. Kuma kada ka jira ranar rufewa. Mu da muka ga an katse layukan waya a faɗin jihar a Satumba 2021 ba mu da uzurin dogara da sabis na daren ƙarshe. Ka tura mako biyu kafin wa'adi, ko da sai ka shiga mota zuwa Sakkwato.

Ka san kalandar. Turkiyya takan buɗe daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, tana neman maki kashi 70 a digirin farko, kashi 90 ga mai son likitanci, kuma akwai shekara guda ta koyon Turkanci kafin a shiga aji. Chevening takan buɗe wajen Agusta. Digiri na biyu ne na shekara ɗaya, sai kana da digirin farko da aikin shekara biyu, wato awa 2,800. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai digiri na biyu ne da ake yi a jami'o'in ƙasashe biyu ko fiye, da alawus na yuro 1,400 a wata, kuma 'yan Najeriya suna sahun gaba a Afirka wajen samunsa. Ka lura da abu ɗaya a nan: mafi yawan tallafi mai kauri na digiri na biyu ne da na uku. Saboda haka kada ka zauna a gida shekara uku kana jiran Turai. Ka shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Mafara, ka fito da sakamako mai kyau. Wannan ita ce hanyar da ta fi kai mutane waje.

Ka koyi Turanci na gaske, na ji da faɗa da rubutu. Jarrabawar IELTS sai an je manyan birane irin su Kano ko Abuja, tana da tsada, sakamakonta shekara biyu yake aiki. Kada ka biya sai ka tabbata makarantar tana buƙata, don wasu suna karɓar Turancin WAEC. Mai nufin Madina ko Azhar kuma ya ƙarfafa Larabcinsa da haddarsa.

Yanzu ga maganar da ta fi yi mini nauyi. A daren 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, aka sako su 2 ga Maris. A Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Makarantu suka rufe, karatun yara da yawa ya sami giɓi. Idan akwai shekarar da ta ɓace a takardunka, kada ka ɓoye ta. Ka faɗi dalili a layi biyu ko uku, ka faɗi abin da ka yi a lokacin, ka wuce. Masu tantancewa sun san labarin Zamfara.

Amma kada ka ari bala'in wani ka yafa. Ke da ba kya cikin waɗanda aka ɗauka, kada ki rubuta cewa kina ciki. Cin amanar ƙawayenki ne, kuma ƙarya ce mai sauƙin ganowa. Ke kuma da kike ciki, labarinki naki ne. In kin ga dama ki faɗa, in ba ki ga dama ba ki yi shiru, kuma shirunki ba zai rage miki maki ba. Duk wanda ya zo gidanku da kyamara yana cewa ki ba da labari, ki yi hoto, shi kuma zai samo miki karatu a waje, mahaifinki ya tambaye shi sunan makarantar da takardar shiga. In babu, a sallame shi daga zaure.

Ka rubuta takardar bayanin kanka da hannunka, kada ka kwafo ta wani. Masu karantawa suna ganin dubbai, sun gaji da "ina son in taimaki ƙasata". Ka faɗi abin da ka sani da idonka. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, da magudanan da suka cushe, da manomin shinkafa da ruwa ba ya isa gonarsa: wannan dalili ne na neman ilimin ruwa, kuma Jami'ar Tarayyar Afirka tana da cibiyar nazarin ruwa da makamashi a Tlemcen ta Aljeriya, da tallafinta. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 dalili ne na neman ilimin lafiyar al'umma ko na haƙar ma'adinai. Ɗan birni ba shi da waɗannan a bakinsa. Kai kana da su. Malamin da zai rubuta maka shaida kuwa ya zama wanda ya koyar da kai, ya san aikinka. Takardar wani babban mutum da bai taɓa ganin rubutunka ba ba ta da nauyi a can.

Kada ka shiga makarantar da takardarta ba za ta yi aiki a gida ba. Ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, farkon Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatu tsakani da Allah. Bayan yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022, hukumar likitoci ta MDCN ta ce ba za ta karɓi digirin likitanci da aka ƙarasa ta intanet ba. Ko da lafiya lau ka gama, likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a asibitin Mafara. Ka tambayi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar sana'arka kafin ka tafi, ba bayan ka dawo ba. Ka kuma tambaya ko Najeriya tana da ofishin jakadanci a wurin. Arewacin Cyprus Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma tun 2020 hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta NiDCOM ta gargaɗi iyaye a kansa.

Ku iyayen 'ya mace, kada ku hana ta saboda mace ce. Asibitocinmu na kukan rashin likitoci mata. Amma ku bincika ninki biyu. Akwai shirin da ake kira Alabuga Start, wanda ke tallata wa 'yan matan Afirka masu shekara 18 zuwa 22 karatu da aiki a Rasha. A 2024 binciken kamfanin labarai na AP ya gano su a masana'antar haɗa jirage marasa matuƙa na yaƙi a Tatarstan. Duk shirin da ya ce mata zalla yake so, ƙanana, bai damu da sakamako ba, ga jirgi kyauta, ku guje shi. Maganar aure da ta muharrami kuma a zauna da malamai da dangi a warware tun kafin a cike fom. Ku sani tun Janairu 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyali. Kada a ɗaura aure a kan zaton za a tafi tare sai an karanta sharaɗin tallafin.

Shirin musayar ɗalibai ba hijira ba ne.  Kafin ka tafi, ka sami takarda daga sashenku cewa za a lissafa maka darussan da ka yi can, in ba haka ba ka dawo ka maimaita shekara. Dokokin bizar Amurka da na Turai suna sauyawa a kai a kai. Ka duba shafin ofishin jakadanci da kanka, kada ka dogara da abin da wani ya yi bara.

A filin jirgi kada ka karɓi saƙon kowa, ko ƙulli ne kamar na goro. A Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya kisa ne. Goron kansa ma an hana shiga da shi can, kilishi kuma ba ya shiga Ingila.

In ka isa, fasfonka ya zauna a hannunka, ba hannun dillali ko mai gidan haya ba. Ka yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya. Ƙarshen kowane zango ka karɓi sakamakonka a rubuce, ka ɗauki hoto, ka tura gida. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, ɗalibanmu da yawa, har da na Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, suka bar komai suka hau bas, suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar. Wanda ke da sakamakonsa a waya ya fi samun sauƙin neman canjin makaranta. Wanda nasa ya rage a ofishin jami'a ya sha wuya. Ka ware ɗan kuɗin da ba ka taɓawa. Ku 'yan gida kuma kada ku mai da alawus ɗin ɗalibi albashi. Na abinci da littafi ne, ba na biki da suna ba.

Kada ka wuce awannin aikin da bizarka ta yarda. A Birtaniya awa 20 ne a mako lokacin karatu. Kada ka kwafi aikin wani ka miƙa, ana kora a kansa.

Ka dawo. Chevening ta shardanta komawa gida na shekara biyu, tallafin jiha ma da niyyar ka dawo aka kashe shi, kuma kuɗin mutanen da ba su taɓa ganin filin jirgi ba ne. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan Gummi ta ƙasar nan, ya je Bakht al-Ruda a Sudan a shekarun 1950, ya dawo ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Wanda ya gudu bayan karatu yana sa a ƙara tsananta wa na bayansa. Da ka sauka ka kai takardarka Ma'aikatar Ilimi a tantance, ka yi rajistar bautar ƙasa. Sannan ka je makarantar da ka gama, ka nemi izinin shugabanta, ka zauna da 'yan aji shida a watan Disamba, ka buɗe masu imel da sunayensu, ka duba takardunsu ɗaya bayan ɗaya kafin Turkiyya ta buɗe a Janairu.